Gola Tsakanin Raga da Aji

A duk inda yara suka taru buga ƙwallo, daga unguwannin Damagaram har ƙauyukan Alakos da ke cikin gundumar Gure, ɗabi'ar ɗaya ce: wanda ya fi ƙanƙanta, ko wanda ƙafarsa ba ta iya komai ba, shi ake turawa raga. Tun daga nan fahimtar jama'a game da mai tsaron gida take karkacewa. A 'yan shekarun nan kuma wata magana ta ƙaru, wadda wayar hannu ta kai har rugage, wai jami'o'in Amurka suna kwasar duk yaron da ya iya wasa su koyar da shi kyauta, har a wasannin da ba a san su ba a nan, irin su lakros. Iyaye kuwa suna kan bakansu na dā, cewa ƙwallo da boko ba sa shan inuwa ɗaya. Kowace daga cikin maganganun nan tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma yaron da ya haɗiye su yadda suke yana iya tashi babu karatun, babu wasan. Don haka ya dace a warware su, a ga yadda rayuwar gola take, da abin da ke riƙe ta a nan gida da kuma inda aka ɗaura wasa a jikin makaranta.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Gola, mai tsaron gida da mai tsaron raga duk mutum ɗaya ne, wato ɗan wasan da aikinsa shi ne hana ƙwallo shiga raga. A ƙwallon ƙafa shi kaɗai doka ta yarje wa taɓa ƙwallo da hannu, shi ma a cikin yadinsa na 18 kawai. Ragar da yake tsaro faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44.

Lakros wasa ne da ake yi da sanda mai ɗan aljihun raga a bakinta. Da aljihun ake cafe ƙwallo, a ruga da ita, a jefa wa abokin wasa ko a harba ta raga. Ƙwallon curarriyar roba ce, babu iska a cikinta, nauyinta kimanin giram 145.

Kalmar kwaleji ita ta fi ruɗa mutane. A Nijar idan aka ce kolej, ana nufin makarantar da ke biye wa firamare, wadda ake kammalawa da jarrabawar BEPC. A bakin Amurkawa kuwa kwaleji jami'a ce, matakin da ake shiga bayan BAC. Golan kwaleji ke nan ɗalibin jami'a ne mai shekara 18 zuwa 22 ko 23, ba ƙaramin yaro ba.

Sai tallafin karatu, wanda ɗaliban Nijar suka fi sani da burs. A nan hukumar ANAB ce ke bayarwa bisa sakamakon jarrabawa. A Amurka akwai wani nau'insa da jami'a ke bai wa ɗalibi saboda zai buga mata wasa. Ƙungiyar da ke tsara mafi yawan waɗannan wasanni ita ce NCAA, wadda aka kafa a 1906, kuma ta kasa jami'o'i rukuni uku.

Me ya sa sana'ar gola ta fita daban

Abu na farko, kujera ɗaya ce tak. Mai buga baya yana da gurabe huɗu da zai nema, ɗan tsakiya uku ko huɗu, amma ƙungiya gola ɗaya take sawa, kuma ba kasafai koci ke canza shi a tsakiyar wasa ba. Gola na biyu yana iya zaman benci kakar wasa guda cur yana atisaye kullum ba tare da ya taɓa ƙwallo a gasa ba.

Sannan gola ba ya nuna da wuri. Ɗan gaba yakan yi tashe yana da shekara 19 saboda gudu, amma aikin raga na karanta wasa ne: sanin lokacin fita da lokacin tsayawa, rage wa mai harbi kusurwa, tsara 'yan baya da murya. Wannan sai da shekaru. Shi ya sa gololi da yawa suke kai ƙololuwarsu a wajen shekara 30, kuma suke daɗewa. Essam El-Hadary na Masar ya buga gasar cin kofin duniya ta 2018 yana da shekara 45, har ya kaɗe fenariti a karawarsu da Saudiyya. Ma'anar wannan ga saurayi ita ce akwai dogon zango, daga shekara 17 zuwa 25, da galibi ba shi da suna, ba shi da albashin kirki. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: wa zai riƙe shi a wannan zangon?

Aikin ma ya canza. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa, don haka dole ya iya taka leda kamar kowa. A 2025 kuma aka ƙara doka cewa idan ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, sai a bai wa abokan hamayya bugun kwana. Zamanin tura wanda bai iya ba zuwa raga ya wuce, ko da yake ba a daina yi ba. Duk da haka yabo bai cika isa gare su ba: tun da aka fara ba da kyautar Ballon d'Or, gola ɗaya ne ya taɓa samunta, Lev Yashin na Tarayyar Sobiyet, a 1963.

Kassaly Daouda da kwana huɗu a Afirka ta Kudu

Babu wanda ya fi nuna wannan rayuwa a Nijar kamar Kassaly Daouda, wanda aka haifa a 1983 kuma ya tsare wa Mena, tawagar ƙasar, raga kusan shekara 20. Ya yi suna a Sahel SC ta Yamai, ya tsallaka Kamaru wurin Coton Sport ta Garwa, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008 kafin Al Ahly ta Masar ta doke ta da ci 4 da 2 a wasa biyu. Ya ɗan taɓa Rapid Bucharest ta Romaniya, ya buga wa Chippa United ta Afirka ta Kudu, daga bisani ya zo Katsina United. Yana cikin tawagar da ta doke Masar 1 da nema a Yamai a watan Oktoban 2010, ta kuma kai Nijar gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012, ƙarƙashin koci Harouna Doula.

A gasar 2013, lokacin Gernot Rohr na koci, abin da ya same shi ya isa darasi. Wasan farko da Mali ne, a Port Elizabeth. Mena ta riƙe wuta har saura 'yan mintoci a tashi, sai aka yanko ƙwallo ta sama, Kassaly ya fito bai riƙe ta ba, Seydou Keita ya zura ta. Aka tashi 1 da nema, aka ɗora masa laifin duka. Bayan kwana huɗu, a filin nan dai, Nijar ta kara da Kwango ta Kinshasa. Dieumerci Mbokani ya sami damar da kowa ya ɗauka ƙwallo ta riga ta shiga, ba sau ɗaya ba, Kassaly ya kaɗe. Aka tashi canjaras babu ci, kuma wannan shi ne maki na farko da Nijar ta taɓa samu a tarihin gasar. Mutumin ɗaya ne, hannuwan ɗaya ne. Abin da ya kai shi wasa na biyu da natsuwa shi ne shekara goma da ya riga ya yi a raga, da kocin da bai sauke shi ba. Saurayi ɗan shekara 18 da ya yi irin kuskuren farko a ƙaramar ƙungiya, ba mai koyar da gololi, ba albashi, sau da yawa nan labarinsa yake ƙarewa.

Idan aka duba wa ke riƙe 'yan wasa a ƙasar, sai a ga hukumomin damara ne da kamfanonin gwamnati: AS FAN ta soja, AS Douanes ta duwan, AS Police, USGN ta jandarma, AS GNN, da Nigelec da SONIDEP. Yawancinsu suna Yamai. A jihohi akwai irin su Espoir ta Damagaram, Ɗan Kasawa da Jangorzo na Maraɗi, da Urana ta Arlit, amma kuɗinsu bai kai ba. A arewacin Najeriya gwamnatocin jihohi ne ke ɗauke da Kano Pillars da Katsina United. Ko nan ko can, makaranta ba ta cikin lissafin. Yaron Alakos da ke son wannan hanya sai ya fito Gure, ya yi kusan kilomita 160 zuwa Damagaram, sannan kusan 900 zuwa Yamai, kuma a mafi yawan lokuta a wani wuri a kan hanyar nan yake ajiye littafi.

Inda makaranta ke riƙe da wasa

Lakros ya dace da kwatance ne saboda a Amurka kusan duk darajarsa a jami'a take. Asalinsa wasan 'yan asalin Arewacin Amurka ne, musamman al'ummar Haudenosaunee, waɗanda har yau suke da tawagarsu ta kansu a gasar duniya. Wani limamin Kirista Bafaranshe, Jean de Brébeuf, ya ba da labarinsa a shekarun 1630. Wanda ya rubuta dokokinsa na zamani a 1867 shi ne George Beers, likitan haƙori a Montreal, wanda shi ma gola ne. NCAA ta fara gasar maza a 1971, ta mata a 1982.

Ragar lakros ƙarama ce, mita 1.83 ta kowane gefe, tana tsakiyar wata da'ira da abokan hamayya ba sa takawa. An ja ta daga ƙarshen fili, don haka ana wasa har ta bayanta, gola yana juyawa yana sanar da 'yan bayansa inda ƙwallo take ba ƙaƙƙautawa. Ƙwallon tana zuwa da gudun da yakan haura kilomita 140 a sa'a. Yana sanye da hular kwano, da makarin maƙogwaro, da sulken ƙirji, da safar hannu, amma yawancinsu ƙafafunsu a buɗe suke, shi ya sa ba sa rabuwa da tabon bugu a cinya da ƙwauri. A wasan maza, idan ya kama ƙwallo yana da 'yan daƙiƙoƙi kaɗan ya jefa ta ko ya fita daga da'irar da ita. Ƙungiya kan ci ƙwallo 10 zuwa 15 a wasa guda, don haka golan da ke tare fiye da rabin harbin da aka auna ragarsa gwani ne. Dole ya saba da a zura masa ƙwallo ya manta nan take.

Haɗarin ma ba na wasa ba ne. Idan ƙwallon ta bugi ƙirji daidai wani ɗan lokaci na bugun zuciya, zuciyar tana iya tsayawa. An yi asarar rayukan matasa ta haka, kuma daga 2021 aka wajabta wa gololi sulken ƙirji da aka gwada musamman don wannan matsala.

Tsawon sana'ar a ƙa'ida kakar wasa huɗu ce cikin shekara biyar. Ƙungiyar jami'a takan riƙe gololi uku ko huɗu, ɗaya ne ke bugawa, kuma da yawa sukan yi shekara biyu a benci kafin su sami raga. Dole ɗalibin ya riƙa cin jarrabawa, in ba haka ba a dakatar da shi daga fili. Akwai waɗanda suka yi fice. Liam Entenmann ya tsare wa jami'ar Notre Dame raga lokacin da ta ci kofin ƙasa a 2023 da 2024. Blaze Riorden na jami'ar Albany ya ɗauki ƙwallo daga ragarsa ya ratsa fili ya ci Cornell a 2015. Megan Taylor ta jami'ar Maryland ta zama gola ta farko, mace ko namiji, da ta sami Tewaaraton, babbar kyautar wasan, a 2019. Yawan ƙungiyoyin mata kuwa ya samo asali ne daga dokar 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata.

Bayan shekara huɗun fa? Babbar gasar ƙwararru ta fili, PLL, wadda ta fara a 2019, ƙungiyoyi 8 gare ta. Ragogi 8 ke nan ga dukkan gololin da jami'o'i ke yayewa kowace shekara, kuma da yawa daga masu buga ta suna da wani aikin daban. NCAA da kanta tana cewa waɗanda ke zama ƙwararru a cikin 'yan wasanta ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Abin da golan lakros yake fita da shi, in ban da 'yan tsiraru, digiri ne. Tsarin bai sa kowa ya zama tauraro ba. Abin da ya yi shi ne ya hana wanda bai zama ba faɗuwa ƙasa warwas.

Gaskiyar maganar tallafin wasa

Tallafin yana nan, amma ba yadda ake bayar da labarinsa ba. Shekaru da dama, ƙungiyar lakros ta maza a rukuni na ɗaya ba ta da izinin raba fiye da kwatankwacin cikakken tallafi 12.6 ga 'yan wasa sama da 40, don haka yawancinsu guntu suke samu, iyaye su cika sauran. Wata yarjejeniyar kotu ta 2025 ta sassauta wannan iyaka, amma ba ta tilasta wa kowace jami'a ƙara kuɗi ba. Jami'o'in rukuni na uku ba sa ba da tallafin wasa sam, haka ma su Harvard da Princeton da Cornell. Jami'o'in rukuni na ɗaya masu lakros na maza ba su kai 80 ba, kuma suna ɗibar 'yan wasansu ne galibi daga makarantun sakandaren arewa maso gabashin Amurka da Kanada. Yaron da bai taɓa riƙe sandar ba ba ya cikin wannan layi.

A ƙwallon ƙafa da kwando da guje-guje ƙofar ta fi faɗi, kuma 'yan Afirka suna shiga. Hakeem Olajuwon gola ne a ƙwallon ƙafa lokacin yarintarsa a Legas kafin ya koma kwando, ya tafi jami'ar Houston a 1980, aka ɗauke shi na farko a gasar ƙwararru ta NBA a 1984, ya ci kofi a 1994 da 1995. Ya sha danganta iya sarrafa ƙafarsa da tsaron raga. Amma ta ƙofar makaranta ya shiga. Ana buƙatar takardun sakandare, da jarrabawar Turancin Ingilishi, wadda ƙarin nauyi ce ga wanda ya yi karatu da Faransanci. Akwai kuma tarko biyu: karɓar albashi a matsayin ƙwararre yana iya soke cancantar ɗalibi, haka nan daɗewa ana buga gasa bayan gama sakandare yana cinye masa shekarun da zai buga.

A nan ne 'yan damfara ke shigowa, suna karɓar kuɗin biza da na gwaji, har iyali su sayar da dabbobi. Dokar FIFA ta hana a kai ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙididdigaggu, kuma ƙungiya ko jami'a ta gaskiya ba ta sayar da gurbi ta hannun dillali. Ko a Turai ma alkawarin wakili ba abin jingina ba ne. Édouard Mendy ya yi shekara guda ba ƙungiya daga 2014, bayan wakilinsa ya daina ɗaukar wayarsa, har ya yi rajista a ofishin marasa aikin yi na Faransa. Daga baya ya ci kofin zakarun Turai da Chelsea a 2021, da kofin Afirka da Senegal a 2022. Ana yawan ba da labarinsa don ƙarfafa gwiwa, amma akwai abin da ake tsallakewa: a ƙasar da ke da tallafin marasa aiki ya yi wannan jiran.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu horarwa da dama suna ganin ƙwallo ba ta jira. A wurinsu yaron da ya tsaya sai ya gama jami'a ya makara, domin ƙungiyoyin waje matasa suke saye. Suna kafa hujja da cewa 'yan wasan Nijar da suka kai zagaye na biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Indiya a 2017 daga cibiyoyin horarwa da ƙungiyoyi suka fito, ba daga gasar makarantu ba. Iyaye da malamai kuma suna kallon waɗanda suka tafi suka dawo hannu rabbana, wasu da karaya. A yanki irin Alakos, inda rayuwa ta dogara da gero da kiwo, saurayi hannu ne a gona da bakin rijiya, kuma barinsa makaranta ma sadaukarwa ce, balle ƙwallo. Tsarin Amurka shi ma yana da masu suka a can gida, waɗanda suka daɗe suna cewa jami'o'i na cin riba da gumin ɗalibai. Sai a 2021 aka yarje wa 'yan wasan su sami kuɗi da sunansu da hotonsu, kuma ɗaliban waje ba sa cin moriyar wannan sosai saboda sharuɗɗan bizarsu.

Hujjar masu horarwa tana da ƙarfi a kan ɗan gaba mai gudu. A kan gola kuwa ta yi rauni, tunda shekarun da yake jiran nuna su ne daidai shekarun lise, wato makarantar da ke biye wa kolej, da na jami'a. A duk cikin 'yan wasa goma sha ɗaya, shi ne wanda karatu ya fi ƙarancin cutar da sana'arsa, kuma shi ne wanda ya fi buƙatar madogara saboda ƙarancin gurbi.

Abin da ka iya biyo baya

A watan Oktoban 2023 kwamitin Olamfik ya amince lakros ya dawo a wasannin Los Angeles na 2028, a salon 'yan wasa shida-shida, bayan rabonsa da gasar lambobi tun 1908. Uganda ce ƙasar Afirka ta farko da ta je gasar duniya, a 2014, kuma Kenya da Ghana da Najeriya sun shiga hukumar wasan ta duniya. Za a ƙara jin sunansa, kuma ba mamaki masu tallar guraben ƙarya su ƙara samun abin faɗa. Amma ba shi ne zai canza rayuwar gola a Gure ba.

Abin da ke kusa da hannu shi ne haɗa abubuwan da ake da su. Akwai Jami'ar André Salifou a Damagaram, akwai cibiyar INJS a Yamai da ke horar da malaman wasanni, akwai hukumar ƙwallon ƙafa ta FENIFOOT. A Najeriya gasar jami'o'i ta NUGA tana gudana tun 1966. Gasar kolej da lise ta jiha da ake bugawa a kai a kai, da sharaɗin cewa sai mai zuwa aji zai shiga fili, ba ta buƙatar kuɗin Amurka. Haka ma horar da malamin motsa jiki ya san yadda ake koya wa yaro faɗuwa ta gefe ba ta gwiwar hannu ba, da yadda ake gane wanda ya bugu a kai a fitar da shi daga wasa. Nijar, ƙasar da ta iya shirya gasar takobin kokawa tun 1975, tana zagaya jihohi da ita, ta san yadda ake tankaɗo gwani daga ƙauye.

Akwai kuma wani abu da ake raina shi, wato takardar haihuwa. Yara da yawa na karkara ba a yi musu ita kan lokaci ba, sai daga baya a nemi ta kotu, wani lokaci a rage shekaru. Tun 2009 ake amfani da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasannin 'yan ƙasa da shekara 17, kuma an sha korar 'yan wasa, har da ƙungiyoyi sukutum, saboda haka. Jami'o'in waje su ma suna gwama ranar haihuwar da ke fasfo da ta takardun makaranta, kuma saɓani a tsakaninsu ya isa a rufe fayil ɗin ɗalibi tun kafin a kalli bidiyon wasansa.